Rasuwar da Aka Ɓoye wa Rukayya

Cikin shekarun da na yi ina aikin unguwarzoma, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Talata da damina, lokacin ina shugabar ɗakin awo a wani ƙaramin asibiti kusa da Yakasai. Ku da kuka shigo aikin yanzu kun san tsarin: a auna nauyin mace da hawan jininta, a sa tef a auna tsayin ciki, a saurari bugun zuciyar jariri. Ni kuwa an san ni da faɗa, ba na raga wa mai wasa da cikinta.

Rukayya matar wani maɗinki ce a Soron Ɗinki, 'yar Haɗeja, cikin fari wata bakwai. Zuwa biyu a jere jininta na hawa, nauyinta na raguwa, cikin kuma ya tsaya cak. Likita ya duba, bai ga zazzaɓi ko wata cuta ba, ya ce in bincika yadda take a gida. Na hau ta da faɗa kan rashin cin abinci, ta sunkuyar da kai kawai.

Surukarta, Hajiya Yalwa, wadda ke rako ta, ta ja ni gefe.

"Sista, ki bi ta a hankali. Mahaifiyarta ce ta rasu, ya fi wata guda. Mun ɓoye mata sai ta sauka, kada firgici ya taɓa cikin. Mun ce mata jinya take, ba ta iya waya."

Wannan al'ada na san ta, a gidanmu ma an yi, kuma don ƙauna ake yi. Amma abin da ke gaban idona bai yi kama da mace da aka tsare daga damuwa ba. Na roƙi Hajiya ta jira a waje, na rufe ƙofa, na tambayi Rukayya me ke hana ta barci.

Sai ta ce, "Sista, Innata ta rasu, ko?"

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Yaji aka kawo mini, wai ita ta aiko. Da kimba a ciki. Inna ta san ba na son kimba tun ina yarinya. In na shigo tsakar gida sai hira ta mutu."

"To me ya hana ki magana?"

"Yaya zan dubi Hajiya in ce abin da ta faɗa ba haka ba ne? Don ni suke yi. Ko kuka ba na iya yi, kada su gane na sani. In na idar da salla ban san me zan roƙa mata ba, sauƙi ko rahama."

Na bar ta a ɗakin, na fita. Na kira Hajiya, na yi mata bayani a fili. Damuwar da ta daɗe tana cin mace tana sa jiki ya riƙa zuba wani sinadari cikin jini. Mabiyiya tana tare mafi yawansa, amma in abin ya ja lokaci, wani yana iya kaiwa ga jariri, a watannin da ƙwaƙwalwarsa ke girma da sauri. Ga rashin ci da rashin barci a kai. Ban ce mata lallai za a samu illa ba, don ban sani ba. Na ce dai firgicin yini ɗaya da suke tsoro ya fi wannan sauƙi.

"Sista, in wani abu ya same ta, me zan ce wa danginta?"

"Hajiya, ta riga ta sani. Ita kaɗai take ɗauke da shi."

Tsohuwar nan ta shiga, ta zauna a gefen gado, ta kama hannunta. "Rukayya, sai haƙuri. Allah ya yi wa Innarki rasuwa." Ban taɓa jin kuka irin na ranar ba, kuma na hana kowa ya ce ta yi shiru. Da kukan ya lafa Rukayya ta ce, "Allah ya jiƙan Inna," mu duka muka amsa da amin.

Mun kwantar da ita muna lura da jinin. Da ta koma gida mata suka zo mata gaisuwa yadda ake yi wa kowa. Jinin ya sauka a hankali, cikin ya ci gaba da tashi. Ta haifi 'ya mace, ƙarama amma da ƙarfin kuka. Ko makonnin nan sun bar wa yarinyar wani abu, ba ni da na'urar da za ta gaya mini, kuma har yau abin yana damuna.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu suna iya cutar da mace da tsabar tausayi, ita kuma ta yi shiru da tsabar kunya. Don haka in kun gama awo, ku fitar da 'yar rakiya waje, ku rufe ƙofa, ku tambaye ta. Sau da yawa ba wanda ya taɓa tambayarta sai ku.