Babur Ba Ya Iyo

Yanzu in mutum zai sayi babur a Haɗeja ko riga ba ya sakewa. Sai ya fita bayan la'asar, ya dawo kafin magariba a kan sabo fil, ledar sirdi ba a ɓare ba, maƙwabta su ce Allah ya sanya alheri ba tare da sun tashi daga tabarma ba. A zamanin da na sayi nawa, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, lokacin da kuɗin man fetur ya fara leƙo mu, baburan garin ba su da yawa, kana cikin ɗaki za ka gane mai wucewa daga ƙarar injinsa. Sayen babur kuwa sai an yi shawara, an ɗauki dattijo, an tafi Kano.

Lokacin ban daɗe da dawowa gida ba, bayan shekara goma sha tara ina yawon duniya. Na zauna a Fotlami ta ƙasar Chadi, na zauna a Kartum da Jidda, na ƙare a Kumasi. Na dawo da harsuna huɗu ban da na gida, da akwatin ƙarfe, da wani mugun hali: ba a nuna mini abu ban ce na ga wanda ya fi shi a wani wuri ba. In an sa mini kifi a gaba, na kogin Nilu ya fi tsoka. In an yaba shinkafar fadama, sai in kawo zancen wata shinkafa da na ci a Jidda. Mutane suna haƙuri da ni yadda ake haƙuri da mai tari a masallaci.

Na buɗe shagon yadi a cikin gari. Inna kuwa tana ƙauyenmu, ƙetaren kogi ta wajen Auyo, ta ce ba abin da zai kawo ta birni sai gawarta, gawar ma ba ta ga dalilin kawo ta ba. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta yi mini magana kai tsaye. Ranar da na dawo, ƙwaryar da take wankewa ta gaya wa, "Ashe wasu suna da rai." Na durƙusa na yi mata alkawari cewa tunda Allah ya dawo da ni, kowace Alhamis za ta gan ni. Ta ce wa ƙwaryar, "An ji."

Na fara da keke. Yashin hanyar da gwiwoyina suka yi taro suka yanke hukunci cewa ba zai yiwu ba. Sai babur.

Ba baƙon abin ba ne ni, ko kuma haka na gaya wa jama'a. Gaskiyar ita ce, shekara goma sha biyar kafin nan, a Fotlami, na yi wata biyu ina kai wa wani Balarabe burodi gida-gida a kan wani keke mai ɗan inji, irin na Faransawa, wanda in ya gaji sai ka taimake shi da feda. Amma a majalisar ƙofar shagona wata biyun nan sun yi ta girma, har suka zama shekaru, keken kuma ya zama babur da 'yan sandan Faransa ke kauce wa.

A gidanmu ba a sayen abin hawa ba tare da Kawu ba. Ƙanin Inna ne, dillalin dawaki, ya shekara arba'in yana buɗe bakin dabbobi yana ƙirga haƙora. Bai taɓa hawa babur ba, amma ba wanda ya ga hakan a matsayin matsala, har da ni. Muka tafi Kano tsakiyar rani, lokacin da kogi ya janye har akuya na tsallake shi ba ta jiƙa ciki ba.

Mai shagon baburan wani siririn mutum ne da fensir a bayan kunne. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, ka iya?"

"Tun kafin ka fara wannan sana'a," na ce.

"Madalla. Yaushe rabonka da hawa?"

Na ce an ɗan jima.

"Ina za ka riƙa zuwa da shi? Kwalta ce, ko yashi, ko akwai ruwa?"

Na ce masa ni na ƙetare Bahar Maliya sau biyu, kada ya dame ni da zancen ruwa.

Bai yi musu ba. Ya jawo wani ɗan ƙaramin babur ɗan Japan, shuɗi, mai farar garkuwa a gaban gwiwa, ba shi da kuloci, tsakiyarsa a buɗe yadda mai zane ma zai iya hawa. Ya kama shi ta baya da hannu ɗaya ya ɗaga ya ajiye. Ya ce, "Wanda ya daɗe bai hau ba, da wannan ya kamata ya koma. In ya faɗi, kai kaɗai za ka tashe shi."

Na san irinsa. A Haɗeja malamin asibiti ne ke hawa, da wata ungozoma.

Kawu ko kusa da shi bai je ba. "Wannan ai ƙuru ne, ɗan guntun doki," in ji shi. "Ɗan yayata ya dawo daga Makka ya hau ƙuru? Me za a ce da ni?" Ya wuce can ƙuryar shago inda wani baƙin babur yake tsaye shi kaɗai, ƙato, mai salansa biyu. Ya zagaya shi sau uku hannu a baya. Ya shafa tanki ya ce ƙirjin ya yi. Ya durƙusa ya matsa tayoyi ya ce ƙafafun ba su da ciwo. Ya leƙa fitila kamar yana neman hakiya. Sannan ya ce a sa shi ya yi haniniya. Mai shago ya buga, shagon ya ɗauki rugugi, Kawu ya lumshe ido.

"Akawal ne, baƙi wuluk, kuma ingarma," ya ce. "Ba farin ƙafa ko ɗaya. Wannan ba ya kawo wa ubangijinsa tsiya."

Mai shago ya ce, "Baba, yana da nauyi fa."

"Nauyinsa a kan ƙafarsa yake, ɗan nan, ba a kan taka ba."

Zan so in ce Kawu ne ya cuce ni, amma tun da muka shiga shagon idona ke kan baƙin nan. Na riga na ga kaina a kai, babbar riga na kaɗawa, ina wuce majalisa ba na ko waiwaye.

Koyon ya ɗauki sati uku a filin bayan gari. Abin da jiki ya koya tun da daɗewa ba ya barinsa: duk lokacin da babur ya nemi mutuwa a cikin yashi, sai ƙafafuna su fara juya feda a iska, feda da babu ita. Masu dawowa daga gona suka riƙa tsayawa kallo. Wani ya tambaya ko haka ake yi a Faransa, na ce haka ake yi. In na faɗi, sai na kwanta a ƙarƙashinsa ina sallama har majiya ƙarfi uku su taru su ɗaga. Amma na koya. Duk sauran ranin ban fasa Alhamis ko ɗaya ba. Ina shiga ƙauye kaji su watse, tsofaffi su toshe kunne, Inna ta ce wa murhu, "Tsawa ba hadari."

Ruwan ƙasarmu ba daga sama kawai yake zuwa ba. Sai damina ta yi nisa yake gangarowa daga yamma, a hankali, ba hayaniya, ka wayi gari hanyar da ka bi jiya ta zama wurin kamun kifi. Na san wannan tun ina tsirara. Shekara goma sha tara na kallon kogunan wasu ne suka sa na manta da namu.

Wata Alhamis na iso mashigi na tarar da kogi ya cika ya batse. Mai fito yana zaune a gindin jirginsa yana cin goro. Babarbare ne, sa'ana, mu kuma Fulani ne, saboda haka tsakaninmu ba a gaisuwa sai an yi tsiya.

"A'a, bawana ya sayi sa!" ya ce. "Ina ƙahon?"

"Tashi ka ƙetarar da ubangijinka, sarkin ƙarya."

Ya taso ya kama babur ta baya ya gwada ɗagawa. Ya saki, ya goge hannu a wando, ya koma ya zauna.

"Kai zan kai ka. Wannan kuwa sai dai ya jira rani."

Na nuna masa jirgin. Ya nuna mini shi ma: itace ɗaya ne aka fafe, faɗinsa bai wuce a zauna a miƙe gwiwa ba. Ya ce yana ɗaukar keke, yana ɗaukar buhu, baburin malamin asibiti ma mutum biyu ke ɗagawa su kwantar a tsakiya. Na ce masa a kogin Shari, can Fotlami, na ga an ƙetarar da babbar mota da kayanta.

"To ka koma Shari mana, Bafillace. Uwarka a can take?"

Na juya gari na sami Kawu a zaure. Na faɗa masa. Ya dube ni, da gaske bai gane damuwar ba.

"Wa ya ce ka sa shi cikin jirgi? Kai ka shiga, ka riƙe shi ta gaba, ya biyo."

"Kawu, ƙarfe ne. Ba ya iyo."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ya daɗe yana shafa gemu. Shekara arba'in yana ƙetarar da dawaki a wannan mashigin, mai doki a cikin jirgi da linzami a hannu, doki a baya hanci a sama. Bai taɓa tambayar nauyin abin hawa ba, don a saninsa abin hawa shi ke ɗaukar kansa. A ƙarshe ya ce, "To ai kai ne ka ga duniya. Me ya hana ka faɗa?"

Na yi masa sallama na koma shago.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda ba na son ba da labarinsa. Da na so, da na bar babur a gaɓa, na shiga jirgi, na taka sauran hanyar da ƙafa cikin taɓo kamar kowa. Na gaya wa kaina ɓarayi za su ɗauke shi, alhali mutum uku ba sa iya ɗaga shi sai da nishi. Na ce gwiwoyina. Gaskiyar ita ce mutumin da ya saba shiga ƙauye da rugugi ba ya son a gan shi ya shigo da takalmi a hannu, wando a naɗe. Alhamis uku suka wuce, har da waccan, ban je ba, ina shago ina zana yadda za a haɗa jirage biyu da katako, kamar yadda na gani a wata ƙasa.

Ranar Alhamis ta huɗu na iso mashigi da hantsi, katako biyu ɗaure a bayan babur, takardar zane a aljihu. Jirgin yana tahowa daga ƙetare. Mutum ɗaya ne a ciki ban da mai fito, wata ƙaramar tsohuwa ta lulluɓe kai, ta riƙe gefen jirgi da hannu biyu. Inna tana tsoron ruwa tun da ya ci ƙanwarta suna yara. Rabonta da shiga jirgi tun kafin in bar gida.

Mai fito ya riƙe ta ta sauko. Wannan karon bai yi mini tsiya ba, kuma na fi son da ya yi. Na durƙusa. Ba ta dube ni ba. Ta dubi baburin, ta dubi katakon, sannan ta juya ga mai fito.

"Ɗan nan, tambayi wancan, ciwo ya yi?"

"Inna ta ce ciwo ka yi?"

Na ce lafiyata ƙalau, abin hawa ne ya ƙi shiga jirgi.

"To gaya masa na zo ganin gawa ne, tunda na ce gawa kaɗai ke hana mutum cika magana. Gaya masa da can an ce teku ce ta tsare shi, na yarda, ban san teku ba. Wannan ruwan kuwa na san shi, ga shi na ƙetare da tsufana. Gaya masa Alhamis uku ina dama fura tun safe ina rufewa, tana tsami ina ba maƙwabta."

Mai fito bai maimaita ba. Ya ce, "Ka dai ji."

Ba ta yarda ta shiga gari ba. Ta koma cikin jirgin, na cire takalmi na bi ta, muka bar ingarman Kawu a gaɓa. Na taka taɓon a bayanta har gida, tana gaba da sandarta, ba ta ce wa ko itace komai ba. Da na dawo da yamma yana nan inda na bar shi, wata akuya na kwance a inuwarsa.

Cikin satin na je wurin malamin asibiti, wanda ya daɗe yana kallon baƙin nan da sha'awa, muka yi musaya. Kawu bai yi mini magana ba har bayan Sallah. A majalisa aka daina tambayata yadda ake yi a Faransa. Shuɗin ƙurun kuwa ni da mai fito muke ɗaga shi mu kwantar a tsakiyar jirgi, yana zagin kakannina ina zagin nasa.

Inna ta ƙara shekara shida a duniya, ban sake fasa Alhamis ba, rani da damina. Amma ba ta ƙara dama fura ta ajiye mini ba. Sai ta ga na shigo gida da idonta, na zauna, sannan take tashi ta ɗauko ƙwarya.