Maƙabartar da Nurzat Ta Ƙi Gogewa

Shekara shida muka yi a tebur ɗaya da Nurzat, a wani ɗan ofis a Bishkek. Ita ke gina duniyoyin wasanmu na kwamfuta, ni kuma aikina in shiga in yi ta yawo ina farautar kurakuranta. Mace ce mai taurin kai, ga shan shayi kamar ba gobe, kuma ba ta yarda ta yi kuskure sai na dangwala mata yatsa a kai. Da shekara uku ta girme ni, shi ya sa nake ce mata eje, wato yaya.

Ba da hannu take zana duwatsu da ƙauyuka ba. Ƙa'idoji take rubutawa, sai a ba na'ura lamba, na'urar ta haifo duniya sukutum. Kowace lamba da duniyarta, ko sau dubu ka shigar da ita, tsakuwa ɗaya ba za ta gusa ba. Cikin ƙa'idojin akwai wadda babu wanda ya sa ta: kowane ƙauye sai da maƙabartarsa a kan tudu, yadda muke yi.

Wata Talata da hantsi na faɗa wata duniya da ta tayar min da tsikar jiki. Hanya ta gangaro ta shige cikin tafki, babu gida ko ɗaya, amma ga maƙabarta a tudu tana kallon ruwan. Na ƙirga kaburbura arba'in da ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: na'urar ta shimfiɗa ƙauye, ta binne matattunsa, sannan ta zubo ruwa ya haɗiye gidajen. Na tsokane ta, na ce ta nutsar da rayayyu ta bar gawarwaki a inuwa. Ba ta yi dariya ba. Ashe haka ruwan madatsa ya cinye ƙauyen mahaifiyarta tun ba a haifi Nurzat ba.

Ermek, maigidanmu, ya ce a gyara kafin wasan ya fita. To, da an taɓa ƙa'ida ɗaya, duk duniyoyin sun sake kama, wannan kuwa ta tafi ke nan. Nurzat ta roƙi mako guda.

Ran Alhamis ta zo da mahaifiyarta, Burul apa, tsohuwar da ta fara manta sunayen jikokinta. Nurzat na tuƙi a cikin wasan, tsohuwa na kallon allo tana nuna hanya. Ta ce a bi dama, bayan dutsen can akwai marmaro. Akwai shi kuwa, kuma ni da na kwana biyu ina zagaya wurin ban gan shi ba. A tudun ta bi kaburburan tana kiran sunayen masu su, har ta zo wani ɗan fili a gefe.

"Nan ne wurina, kusa da babanki," ta ce. "Kada ki bari a sa wani."

Nurzat ta ƙi yin gyaran. Ermek ya ba wani ya yi, ita kuma ta kwashe tsohon wasan a tsohuwar kwamfuta ta bar aikin. Na ji haushinta sosai, domin babu wanda ya kama ƙafarta a ofishin.

Burul apa ta rasu da bazara. Ranar sadakar arba'in, gida na ƙamshin soyayyen boorsok, irin fankenmu, Nurzat ta ja ni ɗakin ciki, ta kunna kwamfutar, ta shigar da lambar, ta juya ta fuskanci taga.

"Kai ne mai ƙirga. Ƙirga min."

Sau uku na ƙirga, na kuma duba ɗan filin nan na gefe.

"Nawa ne?"

"Arba'in da ɗaya, eje."

Ta sauke ajiyar zuciya ta koma wurin baƙi. Shekara shida ina gaya mata gaskiyar da ba ta son ji. Ran nan kaɗai na yi mata ƙarya.