Yaronmu na Gona

"Yalla, maza ka zo, yaronmu ya ji ciwo a hannu, sai an yi masa aiki!" in ji Yaya Sani a waya.

Na bar kafilina, maigidan da nake wa aiki, yana ta faɗa, na tari tasi daga unguwar Safa har unguwar Mahjar.

Na tarar da shi gaban kwamfuta. Ashe wani matashin ɗan wasan besbol ne a Amurka, wasan da Yaya ya koya wurin Turawan da yake tuƙawa.

Ya ce, "Shekara uku ina bin sa tun yana gona. Haka suke kiran ƙananan ƙungiyoyinsu."

Na ce, "Yaya, ɗanka Usman aji nawa yake?"

Ya juya wajen kicin. "Maman Usman!"

Jama'a, me za a yi da irin wannan manomi?