Nonon da na kai shi ya sha

Ranar da mijin ƙanwata ya fasa mata baki, ina shagona na kayan gyaran mota a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. Maƙwabciyarsu ce ta kira ni, ta ce in zo unguwarsu Alsahafa yanzu in ina so in same ta da rai.

Na tarar da shi tsakar gida, bel ɗin injin mota a hannunsa, don makanike ne. Ita tana durƙushe jikin randa, ta rufe ɗansu da ƙirjinta, jini ya jiƙe mata mayafi, haƙorinta ɗaya a ƙasa. Da safiyar ranar likita ya gaya musu cewa yaron, ɗan wata bakwai, yana ɗauke da cutar ƙanjamau, kuma galibi daga uwa jariri ke samunta. Bai tsaya jin sauran ba. Ya kawo ta gida yana tambayarta sunan kwartonta.

Taɓarya na ɗauka na sauke masa a hannu har na ji ƙashi ya amsa. Na kwashe ta da yaron zuwa gidana.

Bayan kwana biyu na tilasta aka gwada su duka. Ita ba ta da cutar, shi ma haka. Likitan ya tambaya ko an taɓa ƙara wa yaron jini, muka ce a'a. Sai ya ce ko wata ta taɓa ba shi nono. Babu wanda ya ambaci wannan tun farko, don a wurinmu zumunci ne, ba zancen asibiti ba.

Ni na kai shi wurin wadda ta ba shi. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ƙanwata bayan haihuwa, nononta ya ɗauke, mijin ya so ya sayo madarar gwangwani. Na hana. Na san kasuwa, na san yadda ake liƙa sabuwar takarda a kan tsohon kaya. Na ce yayarsa a Umdurman, can ƙetaren kogi, tana goyo, mijinta bai daɗe da rasuwa ba, nonon gida ya fi. Wata biyu yaron ya yi a hannunta.

Aka gwada yayar mijin, aka aika jininta da na yaron babban ɗakin gwaji. Likitan ya ce ƙwayar cutar iri-iri ce, kowace da zuriyarta, kuma ta jikin yaron 'yar ta jikin matar ce. Matar ba ta ma san tana da ita ba.

Da na ji mijin ƙanwata ya nufi Umdurman da ƙarfen kwance taya, na riga shi haye gada. Na tsaya a bakin ƙofar yayar tasa.

"Matsa, Yaya," ya ce.

"Ita nono ta bayar. Ni na ɗauko shi na miƙa mata. In duka ne, ga ni."

Ya kuwa sauke min ƙarfen da hannunsa mai lafiya. Ƙashin kafaɗata ya karye. Ban rama ba, ban kuma matsa ba, har maƙwabta suka riƙe shi.

Daga baya ya turo dattawa biko. Na ce wannan karon ba ni zan yanke ba, su tambaye ta. Ƙanwata ta fito da yaron a baya, ta gaishe su, ta ce su gaya masa ya aiko mata da takardarta.