Zaren Takalmin Hagu

Da safen nan ina zaune kan buhun riɗi, ina jayayya da wani a kan cikar mudu, sai waya ta yi ƙara. Maƙwabcin Baba Haladu Baduku ne daga Gumel. Ya ce, "Baba ya cika bayan sallar asuba."

Na ce, "Wane Baban?" sai ka ce ina da Baba goma a Gumel.

Na ajiye mudun. Abokin jayayyata ya ci nasara ba tare da ya ƙara ko kalma ba.

Allah ne Ya ba mu aronsa, yau kuma Ya karɓi abinSa. Yanzun nan muka dawo daga jana'iza.

Ku da kuka saba da ni a wannan shafin kun san ba na rubuta komai sai shirme. Yau ku yi haƙuri da ni, zan ɗan yi tsawo.

Ina da 'ya, Nafisa. Shan inna ya taɓa ta tana shekara biyu, ƙafarta ta hagu ta gaza ta dama da kamar yatsu uku, ta kuma sirance. Fatar ƙafar laushi gare ta, kuma in ta samu rauni sai ya yi wata bai rufe ba. Duk takalmin kasuwa da na saya mata, kwana biyu ne ya ci ƙafar. Sai ta koma zaman ɗaki tana leƙen sa'o'inta ta taga.

Tana shekara biyar wani direba a Gagarawa Tasha ya ce min, "Kai ta Gumel, akwai wani baduku mai baƙin rai, amma hannunsa na da albarka."

Duka biyun gaskiya ya faɗa.

Ranar da muka je ko kallona bai yi ba. Ya ɗora ƙafar yarinyar a kan kwali, ya zagaye ta da fensir, ya ce, "Hajiya, wace kala kike so?" Ta ce ja. Ni kuma na gyara tsayuwa na fara yi masa bayanin cutar da Turanci, don ya san ba da jahili yake hulɗa ba. A fom tu na tsaya. Ba korata aka yi ba, ni da makarantar ne muka fahimci juna muka rabu lafiya.

Ya bari na gama. Ya ce, "To, Farfesa, matsa daga hasken."

Sunan da ya bi ni ke nan shekara goma sha biyar. Har matata, in ta so ɓata min rai, da shi take kirana.

Duk shekara sai ya yi wa Nafisa sabon takalmi, na hagun da tudu a ƙasa don ƙafafun su daidaita. Kwalayen da yake zana ƙafarta bai taɓa zubar da ko ɗaya ba, suna nan jere a kan ƙusa a bangon rumfarsa, daga ƙarami zuwa babba. Ban taɓa jin ya ambaci lalurarta da baki ba. Cewa yake, "Ƙafar dama ta talakawa ce, kowa na iya yi mata takalmi. Ta hagun nan ce mai sarauta."

Yakan yi wa maɗaurin ado da ja da kore, har 'yan ajinsu suka riƙa matsa wa iyayensu sai an yi musu irin na Nafisa.

In mun zo mun tarar da kuben wuƙaƙen mahauta sun taru a gabansa, sai ya ture su gefe ya ce wuƙa ba ta zuwa makaranta.

Abin da ya fi ba ni haushi da shi a lokacin shi ne zare. Mutum ya yanka fata cikin minti goma, amma ya share rabin awa yana zaɓen zare. Yana da wani tsohon gwangwanin madara cike da su. Ƙasan takalmi, inda rairayi da ruwa ke ci, da zaren lailon yake ɗinkewa. Amma duk inda zai taɓa fatar mutum, sai zaren auduga na kaɗin hannu. Ya haɗa sili uku, ya murza a ƙwaurinsa, ya bi shi da kakin zuma har ya yi santsi. Sannan ya ja shi a kan leɓensa na ƙasa, a hankali, ido a rufe. In leɓen ya ji kaushi, ya ajiye ya ɗauki wani.

Na ce, "Baba, ɗinki za ka yi ko ɗanɗanon miya?"

Ya ce, "Abin da leɓena ya ji sau ɗaya, ƙafarta za ta ji shi sau dubu kafin azahar."

Ni dai na ɗauka iyayi ne irin na tsofaffi.

Wata damina, Nafisa na aji uku a sakandare, maɗaurin takalminta ya ɓalle. Na duba nisan Gumel, na duba taɓon hanya, na ce wai me ke cikin ɗinki? Ranar Alhamis na sayo zaren lailon a kasuwar Maigatari, mai kaurin da zai iya ɗaure raƙumi. Na ɗinke tsaf. Don kada ya warware, na ƙyasta ashana na ƙone bakin zaren, yadda na ga masu gyaran buhu na yi. Ya narke ya dunƙule kamar ƙwayar gero, a ciki, daidai ƙarƙashin idon sawunta.

Na miƙa mata ina cewa, "Je ki faɗa wa Babanki na Gumel an samu magajinsa."

Yarinyar nan ta kwana huɗu tana tafiya a kai ba ta ce uffan ba, don ta ga yadda nake murna. Rana ta biyar uwarta ta ga jini a safa.

Ciwon ya zama gyambo. Sati bakwai tana gida, jarabawar zangon ta wuce ta. Zaren kuma ya yanka fatar maɗaurin kamar reza, takalmin ya tashi aiki.

Da na kai masa, na shirya wa zagi. Ya juya takalmin, ya taɓa ɗan dunƙulen nan da farce. Sannan ya ce, "Ka nemi zaren da ya fi ƙarfi, ko? Zare in ya fi fata ƙarfi, fatar yake ci. Gara ya tsinke in sake ɗinkawa. In fata ta yage, me zan kama?"

Shi ke nan abin da ya ce. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Washegari ya hau motar haya da kansa har gida, ya auna ƙafar da bandejinta, ya yi mata wani mai buɗaɗɗen gefe da za ta sa kafin ta warke. Ya ƙi ko zama ya ci abinci, wai yana tsoron ni na dafa.

Bana Nafisa ta samu koyarwa a wata firamare a wani ƙauye can gefen Ɗanzomo. Daga inda mota ke ajiye ta zuwa makarantar tafiya ce mai kyau cikin rairayi, safe da rana. Ba takalmi mai kyau, ba aiki. Mun san haka, ni da ita.

Sati uku da suka wuce na je masa da tsohon takalmin. Na tarar ya rame, hannunsa na rawa har basilla na ƙwanƙwasar katako. Duk da haka ya yanka fatar, ya jera tudun, ya gama na dama. Da aka zo na hagu sai ya turo min gwangwanin zaren da ƙafa.

Ya ce, "Zaɓi."

Na yi dariya na ce, "Baba, ka manta tarihina?"

Ya ce, "Don na tuna ne. Zaɓi."

Raina ya ɓaci, don Litinin za ta fara aiki, ni kuma na baro awo a kasuwa. Na ce masa, "In tsufa ne ya hana ka, ka faɗa min in kai wa wani a Maigatari."

Wannan maganar ita ce take damuna tun safe.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kai masa. Akwai masu hannu a can. Amma sai ka tsaya a kansa ka gaya masa inda ƙafarta ke jin ciwo, kai kuma ba ka sani ba. Uba guda."

Na zauna.

Ku zo ku ga ƙato da gemu, a bakin titi, ido a rufe, yana goga zare a leɓe. Masu wucewa na tsayawa. Wani mai shayi ya tambaya ko sabon maganin basir ne. Na farko na ji shi kamar igiyar guga. Na biyu ya yi laushi, amma Baba ya ce ya yi siriri, ba zai cika hudar basilla ba, zai riƙa wasa a ciki yana faɗaɗa ta. Na uku na ja, na sake ja, ban ji komai ba sai ƙanshin kaki.

Na ce, "Wannan."

Ya ce, "Ashe fom tu ɗin ba a banza ta tafi ba."

Kwana biyu ina zuwa ina komawa. Ya nuna min yadda ake tsaga 'yar hanya a fata don zaren ya kwanta ciki, kada ya yi tudu. Ya nuna min yadda ake komawa baya huda uku a fitar da bakin zaren ta waje, ba ƙulli, ba wuta. Sau biyu yana sa ni in farke duk abin da na ɗinka. Yatsuna suka zama kamar rariya.

Yammacin rana ta biyu, saura rabin maɗauri, ya naɗe takalmin a takarda da ragowar zaren ya ce, "Tafi gida ka ƙarasa. In ina kallonka, da idona kake ɗinki."

Na tashi ina gunaguni. Na ce, "Zan dawo in nuna maka, ka ji kunya."

Ya ce, "Allah Ya sa, Farfesa."

Kalamansa na ƙarshe gare ni ke nan. Ko juyowa ban yi ba, ina ta ƙoƙarin tayar da babur.

Na ƙarasa. Nafisa ta fara aiki. Kullum ta dawo sai na ce ta cire in gani, ina duba ƙafar kamar mai neman ƙaya. Sati ɗaya, ba ko ja. Sati biyu, lafiya lau. Na ce bari ya cika sati uku, in je masa da hujjar da ba zai iya musawa ba. Jibi na sa ranar zuwa.

Yau da ita muka je. Ni ina waje cikin maza, ita ta shiga wajen Inna Talatu, matar Baba, ta yi mata gaisuwa. A hanyar dawowa, tana bayana a kan babur, take ba ni labari.

Ta ce ta cire takalmanta a bakin ƙofa, sai Inna, cikin hawayenta, ta ce a miƙo mata na hagun. Ta juya shi, ta bi ɗinkin da yatsa. Ta ce, "Wannan ba hannun Malam ba ne. Wa ya yi wannan tafiyar maciji?"

Nafisa ta ce, "Babana ne."

Inna ta ce, "Ya ci miki ƙafa?"

Ta ce, "A'a."

Inna ta ce, "To ya yi. Zaren nawa ne, ni nake kaɗa masa tun ina amarya. Tun watan jiya yake sa ni kaɗi ba hutu, wai a tara wa Hajiya. Yana cikin kwalla. In na fita takaba ki zo da mazari in koya miki, don ni ma ba zama na zo yi ba. Ubanki kuwa ki ce masa ya riƙa jan layi kafin ya huda."

Shekara goma sha biyar ban taɓa tambayar daga ina zaren nan ke zuwa ba.

Na tsayar da babur a gefen hanya, na ce mata wani abu ne ya faɗa min a ido. Ta ce, "Na sani, Baba. Ni ma ya faɗa min."

Gobe da safe za ta tafi makarantarta da ƙafarta.

Ya Allah, bawanKa Haladu ya zo gare Ka. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka sanyaya masa ƙasa. Duk takun da yarinyar nan ta yi ba tare da ciwo ba, Ka sa masa a mizani. Ka ba Inna Talatu da iyalinsa haƙuri. Ni kuma Ka yafe min maganar da na faɗa masa, tunda ban samu na nemi yafiyarsa ba.

Duk wanda ya karanto har nan, don Allah kada ka tsaya a danna hoton kuka. Ka ajiye wayar, ka karanta masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ka ambaci sunansa: Haladu.