Ranar da Maigida Ya Matse Mini Yatsu

A littattafan soyayyar da na taso ina karantawa, miji yakan kama hannun matarsa a gaban kowa. Nawa mijin ko a ɗaki sai ya waiga tukuna. Ɗan dako ne a kasuwar Mile 12, kwandunan tumatir yake saukewa a ka, kuma da wuyan nan nasa muke ci a unguwar Agege.

Da wuyan ya fara ciwo, maƙwabcinmu direban tanka ya ce abu mai sauƙi ne. Shi ma ya yi, aka yi masa gashi a asibiti, aka koya masa juya kai, ya warke sarai. Ya koya wa maigida. Kullum yana juyawa, ciwon yana gangarowa kafaɗa, har yatsun damansa suka fara mutuwa. Ranar da kofin shayi ya suɓuce masa, na ga tsoro a idonsa.

Mai gashin ƙashin da muka samu 'yar kudancin Kaduna ce, Hausarta garau.

"Malam, naka ba irin na direba ba ne," in ji ta. "Shi nama ne ya sage don yawan zama. Kai jijiya ce ta danne. In ƙarfin hannun ya ci gaba da raguwa, sai dai likitan tiyata."

Tiyata!

Ta miƙa masa yatsu biyu. "Matse, in ji ƙarfinka."

Ya sunkuyar da kai, ya ɓoye hannu cikin riga.

"Au, ba ka taɓa matar wani? To ga taka. Madam, kawo hannu."

Ya kama yana zufa. Na hagu ya matse ni sosai. Na dama kuwa kamar jariri ya riƙe ni.

"Yaya?" ta tambaye ni.

Ya zuba mini ido, yana roƙona in rufa masa asiri. Na kau da kai.

"Babu ƙarfi, Likita."

A motar hayar da muka shiga zuwa gida, ya juya mini ƙeya.

Ta hana shi ɗaukar kaya a ka, ta sauya masa motsa jikin, tana jan wuyan a hankali duk zuwa. Ni kuma aka ɗora mini awon ƙarfin hannunsa kowace safiya. Makonni suka shuɗe ina ba da amsa ɗaya, shi yana tura baron aro, tsofaffin abokan dakonsa suna yi masa dariya.

Wata safiya, ina tsaka da dama koko, ya miƙo hannun dama ba tare da ya waiga ba, ya kama yatsuna. Zobena ya nutse cikin nama.

"Wayyo, Maigida, za ka karya ni!"

"Faɗi gaskiya dai, tunda kin iya."

"Akwai ƙarfi. Sake ni!"

Bai sake ba, har kokon ya yi gudaji.