Zoben da Ya Bi Riɗi

Akwai wata rana a kasuwar riɗi ta Gadarif da ba na jin za ta fita raina har in koma ga Allah. Lokacin ina ɗinkin buhu. A shekarun nan, in aka ce mutum yana sihiri, bulala ce ke jiransa.

Muna da wani mai gyaran agogo, mutum mai son a kalle shi. Yakan ari zobenka, ya rufe hannu, ya buɗe babu komai, can ya zaro shi daga aljihu. Bakinsa na cewa wasa ne, amma in an ce yana da aljani sai ya yi murmushi, don ya fi son hakan.

Ranar nan wani tsoho daga garin Basunda ya kawo riɗinsa. Da zoben azurfa a yatsansa, wanda mahaifinsa ya tako da shi tun daga Kano a hanyar Makka. Shi kaɗai ya rage masa na uban. Mutane suka yi ta zuga shi har ya cire ya miƙa.

Mai agogo ya rufe hannu. Sai na ga fuskarsa ta sauya, yana ta girgiza kafaɗa. Muka ji ƙas, wani abu ya yi walƙiya ya wuce ta kanmu, ya faɗa wajen tulin riɗin da leburori ke durawa a buhu. Mai agogo ya laluba aljihu, wayam.

"Ya zol, halas," in ji tsohon a hankali da Larabcin garin, wato bawan Allah, ya isa haka. "Ce wa aljaninka ya maido mini."

Kalmar aljani kuwa, a gaban mutane haka, hanyar bulala ce. Mai agogo ya tuɓe jallabiyarsa a bainar jama'a. Ga sifirin, nannaɗaɗɗen ƙarfen nan na agogon bango, ɗaure a hammatarsa, da zare mai 'yar ƙugiya da ke janye zobe ta hannun riga. Zaren ya tsinke. Wai man keke ya yi wuya, shi ne ya shafa wa abin man riɗi. Man ya kama ƙura ya daskare, sifirin ya maƙale, sa'annan ya fizga gaba ɗaya.

Muka farke buhuna, muka yi ta tankaɗe har la'asar. Wata babbar mota ta riga ta tashi da kaya zuwa bakin teku, kuma ina kyautata zaton a ciki zoben ya tafi.

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana duban ƙarfen, ya ce, "Da aljani ne, ya walad, ɗana, da na roƙe shi don Allah. Wannan fa, wa zan roƙa?" Ya tafi yana murza yatsan da babu komai. Ya ba ni tausayi ƙwarai.

Tun ranar na ɗauki darasi. Ƙarfe yakan yi maka aiki kullum, amma ran da ya ƙi ba ya jin magiya. Abin da ba naka ba, kuma ba a sayo irinsa, kada ka rataya shi a zare.